Tagogi Biyar a Agege

Shekara goma sha ɗaya ke nan da kafa su,
firam ɗin roba, fari sol a lokacin,
yau sun koma haƙoran mai cin goro.
Hayaƙin janaretan Baba Ramoni ya yi nasa,
danshin Legas ya yi nasa,
rana ta zo ta ƙarasa.

Ni ban lura ba.
Na cikin ɗaki titi yake kallo,
ina ruwansa da abin da ya riƙe gilashin?
Sai da autata Ummita ta zana gidanmu
a littafin makaranta,
ta shafa wa tagogin ruwan ƙasa,
na ce, me ya sa?
Ta ce, ai haka suke, Baba.

Mai fenti a Mushin ya ɗaga mini yatsa:
Alhaji, roba ba katako ba ce, ba ta jin ƙishirwa.
Ka zuba mata fenti yau, jibi ta tuɓe shi kamar riga.
Wanke ta da sabulu tukuna,
ka bi ta da sanfefa har santsin ya mutu,
ka shimfiɗa na ƙasa, ka jira.
Kuma kar ka ɗauki baƙi,
zafi zai sha, firam ya lanƙwashe.
Na ɗauki ruwan toka mai haske.
Ya ƙara mini ɗari biyar a kan buroshi, na gani, na ƙyale.

Asabar, bayan asuba.
Tsanin Iya Sikira, mai gajeriyar ƙafa ɗaya,
Magajiya ta riƙe shi tana mita:
mutum da furfura, ga yara cike da unguwa.
Jirgin ƙasa ya wuce, tsani ya yi rawa,
mitar ta koma salati.

Na manna tsohuwar jarida a gilashi,
fuskar wani da ya yi mana alkawarin kwalbati
tana kallona ta ƙarƙashin salatif.
Na fara gogewa.
Farin gari yana zuba a gashin hannuna,
ƙar, ƙar, ƙar,
abin da ya yi shekaru yana ƙyalli
sai an kankare shi yake karɓar launi.
Na tuna yaron da ya sauka daga tirelar shanu,
ɗan Gumel, sumul, ba abin da ke kama shi,
ba ya jin ko "ẹ kú àárọ̀".
Garin nan ma bai yi masa da sauƙi ba.

Shafa ta farko kunya gare ta,
tsohon launi yana leƙowa ta ƙasa.
Haƙuri, in ji gwangwani, awa biyu.
Na sha koko a tsaye.
Ta biyu ce ta zauna,
buroshi yana tafiya kamar mai lallashin jariri.

Uku na gama
sai hadari ya taso daga wajen Ikeja,
baƙi ƙirin, ba sallama.
Muka yi ta rige-rige da leda da ƙusa,
Baba Ramoni ya fito da tamfol ɗin shagonsa
yana dariya yana zagin sama da Yarbanci.
Ruwa ya zo ya yi abin da ya saba.

Da ya ɗauke, muka yaye.
Fentin ya tsira,
sai wani ƙuda da ya mutu a kusurwa,
da shatin babban yatsa, ƙarami,
a tagar ɗakin girki.
Ummita ta ɓoye hannu a baya.
Ƙudan na cire.

Biyu sun rage, sai wani satin.
Daga ciki babu abin da ya canja,
titin nan ne dai, da danfo, da kwata.
Shi ya sa da magariba
na tsallaka sayen ƙosan da ba na marmari,
na tsaya a gaban mai suya,
ina kallon gidana kamar baƙo.